Yadda Ake Ajiye Ƙwallo a Gindin Raga da Bayan Hannu a Wasan Tanis

Duk wanda ya saba leƙa filin tanis a Sakkwato bayan la'asar ya san cewa yawancin matasanmu ƙarfi suka sa a gaba, suna tsayawa can bayan layin ƙarshe suna narka wa ƙwallo duka. Irin wannan abokin karawa ake yi wa bugun ajiya, wato a sauke masa ƙwallo a hankali dab da raga, domin tsakanin layin ƙarshe da raga akwai kusan mita 12, kuma dole ne ya cinye wannan tazara kafin ƙwallon ta taɓa ƙasa karo na biyu.

A bugun bayan hannu, wato wanda bayan hannunka ke fuskantar raga lokacin bugawa, ka riƙe raket kamar yadda ake riƙe guduma, ka juya kafaɗarka ta fuskanci raga, ka ɗaga kan raket sama da inda ƙwallon take, tamkar za ka yi bugun yanka mai nisa. Wannan shiri shi ne rabin aikin, domin da zarar abokin karawa ya gane nufinka, ya riga ya taso. Sai a dab da haɗuwa da ƙwallon za ka sassauta yatsunka, ka ɗan buɗe fuskar raket, ka shafo ƙwallon daga bayanta zuwa ƙasanta, yadda za ta tafi tana juyawa baya. Kada ka karya wuyan hannu, kuma kada ka tsaya cak. Ƙafa ce ke kai ka wurin ƙwallon, hannu kuwa tausasa ta kawai yake yi. Mai bugun bayan hannu da hannu biyu yakan saki hannu ɗaya a nan, kamar yadda shahararren ɗan wasan tanis Novak Djokovic ke yi.

Tsayin raga santimita 91.4 ne a tsakiya, mita 1.07 a gefe, saboda haka ajiya ta tsakiya ta fi sauƙi. Ƙwallon ta kai ƙololuwarta a ɓangarenka, ta tsallaka tana gangarowa. A wurin atisaye, idan ta yi tsalle uku kafin ta wuce layin sabis, wanda ke mita 6.40 daga raga, to hannunka ya faɗa.

A ganina, kuskuren da ya fi yawa shi ne yin ajiya daga bayan layin ƙarshe saboda gajiya. Ka bari sai ka shigo cikin fili, abokin karawarka kuma yana can baya, sannan ka biyo ƙwallon gaba. Zafin bazararmu yana sa ƙwallo tashi sosai a kan siminti, don haka sai an ƙara mata juyi. Da hunturu kuwa, ajiyar ta fi kyau idan iska tana fuskantarka.

Game da doka, ƙwallon da ta shafi raga ta faɗa cikin fili ana tsakar musayar bugu halattacciya ce. Wanda jikinsa, tufarsa ko raket ɗinsa ya taɓa raga kafin a gama makin, ya rasa shi. Ba a tarar ƙwallo kafin ta tsallako raga, amma idan ta faɗi a ɓangaren mutum, juyi ko iska ya mayar da ita, an yarda ya miƙa raket ta saman raga ya buga ta. In bai taɓa ta ba, makin na wanda ya ajiye ne.