Kurakuran da sababbin nas ke ta maimaitawa a ɗakin jarirai

Wallahi na gaji da faɗin abu ɗaya kullum, bari in rubuta kowa ya karanta.

Cutar shawara, mai sa fata da ido su yi rawaya, ita ce ta fara kayar da ni. Ina sabuwar zuwa Legas aka kawo wani yaro ɗan kwana uku daga Agege, baƙi wuluk, na duba shi da dare a hasken ƙwan lantarki na ce lafiyarsa ƙalau, kakarsa tana ta cewa "Sista ki duba idonsa fa", ni kuma ina ce mata Hajiya ki kwantar da hankalinki. Washegari da aka auna jininsa sai da aka yi masa canjin jini. Ashe kayansa a cikin kafur aka adana su, shi kuma yana da ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), kafur ɗin ya farfasa masa ƙwayoyin jini. Tun ranar ban ƙara yarda da idona ba. Nakan kai yaro bakin taga, in danna hancinsa, in duba dasashi da farin ido, kuma duk da haka sai an auna. In shawarar ta fito cikin awa 24 na farko bayan haihuwa kuwa, ba jira, a kira likita.

Sai masu jiran zazzaɓi kafin su yi zargin ƙwayar cuta a jini. Haba ƙannena! Jariri, balle bakwaini, sau da yawa sanyi jikinsa ke yi, zafin jikin ya sauka ƙasa da digiri 36.5 na Celsius, ya ƙi nono, ya yi laƙwas, ku kuma ku ƙara masa zani ku koma kan waya kuna cewa sanyin AC ne. Wane AC? Ku auna, ku rubuta, ku faɗa.

Yaro na karkarwa, ku riƙe hannun: in ta tsaya ba jijjiga ba ce, amma a duba sukarin jini, ƙasa da 2.6 mmol/L matsala ce.

Numfashi a ƙirga minti ɗaya cur, sama da 60 ya yi yawa. Na'urar auna iskar oksijin a ƙafa mai sanyi ƙarya take yi, ni sai na ɗumama ƙafar nake yarda da lambar. Koren amai kuma kar wanda ya ce min tumbiɗi ne, a dakatar da nono a nemo likitan tiyata a daren.