Yadda na gyara tsohon injin busar da kaya da ya daina zafi

Injin nan mun same shi ne a ɗakin ƙasa na gidan da muka saya a jihar Ohayo ta Amurka, ya girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Ƙarfe ne zalla, maɓalli ɗaya ake murɗawa. Kwanaki sai ya fara nawa, sai an zagaya sau biyu kafin tawul ya bushe. Ran nan kuma gangar da ake zuba kayan na juyawa, amma iska sanyi ƙalau. Ga hunturu, ba maganar shanya a waje. Uwargida ta ce a yar a sayi sabo, na ce a ba ni Asabar.

Na fara da akwatin wuta. Irin wannan injin a Amurka wuta mai volt 240 yake ci, layi biyu na 120, kuma motar da ke juya gangar layi ɗaya take buƙata, don haka ɗaya zai iya faɗuwa ganga ta ci gaba da juyawa ba zafi. Lafiya lau na tarar.

Na zare filogi, na kwance murfin baya, na bi da mitar gwada wuta. Wayar zafi na da rai. Ɗan fis ɗin da ke manne a jikin gidanta ne ya mutu. Na canza shi.

Amma me ya kashe shi? Da na ciro bututun iska, ashe ya lanƙwashe a jikin bango, cike da burbushin auduga, na ƙwaƙulo kusan cikin bokiti. Zafi ya rasa mafita. Na sa na ƙarfe miƙaƙƙe. Yanzu zagaye ɗaya ya isa, har da wandunan jins na yara.