CO2 a Takardar Gwajin Jini: Inda Ake Yawan Tuntuɓe

Mutum zai karɓi sakamakon gwaji, ya ga an rubuta CO2 (iskar da muke fitarwa idan muka yi numfashi) da lamba 20 a gabansa, sai hankalinsa ya tashi, wai huhunsa ya lalace. Galibi ba haka ba ne. CO2 ɗin da ke cikin gwajin sinadaran jini na yau da kullum kusan dukkansa bikabonet ne, wato sinadarin da ke rage kaifin asid a jini, wanda ƙoda ke kula da shi, kuma ana son ganinsa wajen 23 zuwa 29. Mai ba da labarin huhu daban yake, sunansa PaCO2. A jijiyar da ke harbawa a wuyan hannu ake ɗibarsa, daidai ɗinsa 35 zuwa 45 mmHg. Ka karanta sunan gwajin tukuna, lamba ta biyo baya.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne duba CO2 shi kaɗai, a manta da pH, wato ma'aunin asid a jini, wanda lambarsa ke sauka idan asid ya ƙaru. pH ɗin jini lafiyayye yana tsakanin 7.35 da 7.45. Mai ciwon suga da asid ya taru masa a jini za ka gan shi yana jan numfashi mai zurfi, ba hutawa, leɓe a bushe. Huhunsa lafiya lau yake, aikin ceto ma yake yi: yana fitar da CO2 don asid ya ragu. Saboda haka PaCO2 zai faɗi ƙasa, pH ma yana ƙasa. Wanda ya ɗauka firgita ce kawai, ya miƙa masa leda ko jakar takarda ya riƙa numfashi a ciki, ya toshe ƙofar da jikin ke tsira ta nan. Wannan dabara, a ganina, a bar ta kwata-kwata. A fara da pH, sannan a tambaya: huhu ne ya jawo, ko kuwa gyara yake yi?

Ganin pH daidai ma ba shi ne lafiya ba. Huhu cikin mintuna yake gyara, ƙoda kuwa sai ta yi kwana 3 zuwa 5. Mai daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu yana iya riƙe CO2 mai yawa, ƙoda ta tara bikabonet ta rufe ɓarnar. Irin wannan ba a buɗe masa oksijin son rai. Likitoci na neman oksijin jininsa ya tsaya a kashi 88 zuwa 92 cikin 100, domin wuce nan na iya ƙara masa CO2 har barci mai nauyi ya kwashe shi. Na'urar da ake maƙala wa yatsa kuwa oksijin kaɗai take gani.

Wani lokaci laifin na ɗibar jinin ne. Kumfar iska a sirinji, ko kwalbar da aka bari ba murfi, tana rage CO2. Idan lambar ta saɓa da yanayin majinyaci, a sake ɗiba. A kuma gaya wa likita in an yi gudawa ko amai, don gudawa na zubar da bikabonet, amai kuma na zubar da asid.