Darasi na Bakwai: Kiwon Karen Farauta

A ƙasar Daura da Katsina, da zarar gero da dawa sun shiga rumbu, ciyawa ta bushe, sai mafarauta su fara shiri. Za ka gan su da sassafe sun nufi daji, kowa da gora a kafaɗa, karnuka na gaba suna jan igiya. Zomo ake nema, da gafiya, da kurege, da zabon daji. Wanda ya yi sa'a ya samo gada.

Farauta ta 'yan watanni ce a cikin rani. Shi kuwa kare yana nan tare da kai wata goma sha biyu. Zai ci, zai sha, zai nemi gudu, zai yi ciwo, ko ana farauta ko ba a yi. Yawancin masu kare a nan suke gazawa. Suna ji da shi lokacin da yake kawo nama, damina na faɗuwa su manta da shi a bayan gida. Wannan darasi a kan sauran watannin nan yake, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wane iri ne ya dace da mu?

Karen farautar da muka gada siriri ne, mai dogayen ƙafafu, mai faɗin ƙirji da shafaffen ciki, gashinsa gajere. Yana da dangi a arewa da mu. Buzaye suna kiwon wani iri da duniya ta sani da suna Azawak, sunan wani kwari da ke tsakanin Nijar da Mali. Nauyinsa ba ya cika wuce kilo 25, amma yana bin barewa a cikin rairayi da zafin rana. Larabawa suna da nasu, Saluki. A Ingila akwai Greyhound, wanda gudunsa kan kai kilomita 70 a awa ɗaya. A kudancin Afirka kuma akwai Rijbak, ƙaton da ake fita farautar zaki da shi a da.

Yanzu matasa sun fi sha'awar manyan karnukan waje, irin wanda ake kira karen 'yan sanda, mai yawan gashi. Wannan na gadi ne. Abincinsa da yawa, maganinsa da tsada, kuma zafin watan Afrilu na wahalar da shi ƙwarai. In farauta kake so, ni dai shawarata ka tsaya kan na gida. Ya saba da rana, ya saba da ƙaya, ya saba da tuwonmu.

In za ka karɓi ɗan kwikwiyo, je ka ga uwarsa. Dubi lafiyarta da halinta. Kada ka raba shi da ita sai ya yi mako takwas. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, saboda haka wanda ya rubuta ranar da aka yi barbara ya san lokacin da zai shirya mata wurin haihuwa.

Abin da addini ya ce

Musulunci bai hana ajiye kare don farauta ba, ko don tsaron dabbobi da gona. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, in an ambaci sunan Allah. Hadisi kuma ya yi gargaɗi cewa wanda ya ajiye kare ba don ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ba, ladansa na raguwa kullum. An kuma umarce mu da wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki a ciki. Don haka a ware masa kwanonsa na ci da na sha, a yi masa wuri nesa da ɗakin kwana da wurin salla. Sauran bayanin hukunci, a tambayi malaman unguwa.

Akwai wani hadisin da ya kamata mai kare ya riƙe. Wani mutum ya ga kare na lasar ƙasa don ƙishirwa, ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. To, ina ga wanda ya ɗaure nasa da hannunsa a rana, ba ruwa? Dabbar da ka ɗaure amana ce a wuyanka.

Ci da sha

Babban kare ya ci sau biyu a rana, safe da yamma. Kwikwiyo sau uku ko huɗu, kaɗan kaɗan. Tuwo da ƙanzo suna cika ciki, amma su kaɗai ba sa gina jikin mai gudu. Yana bukatar nama. Ba sai tsoka ba. Ka saba da wani mahauci a kwata, ya riƙa ajiye maka huhu, da tumbi, da tarkacen kai da ƙafa. Ka dafa su sosai kafin ka ba shi, domin ɗanyen kayan ciki na kawo tsutsa. Ka zuba romon a kan tuwo. Ƙwai da busasshen kifi ma suna taimakawa.

Akwai abin da ba a ba kare. Albasa da tafarnuwa masu yawa suna lalata masa jini, don haka a yi hattara da ragowar miya. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke shi a maƙogwaro ko hanji. Mushe kuwa kada ka bari ya kusance shi.

Kada ka cika masa ciki ka fita da shi daji nan take. Karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu kan kumbura ya murɗe in sun yi gudu bayan sun ƙoshi, kuma wannan na kashewa cikin sa'o'i kaɗan. Ka bar kamar awa biyu tsakanin ci da gudu. Wasu kuma sukan hana kare abinci kwana da kwanaki wai don ya yi zafin nama. Wannan zalunci ne, kuma kare mai yunwa shi ne ke cinye zomon kafin ka iso.

Kare mai kilo 25 yana shan ruwa kamar lita ɗaya da rabi a rana, a bazara fiye da haka. Jikin kare ba ya yin gumi irin namu. Da haki yake fitar da zafi, shi ya sa kake ganin harshensa a waje. In ka ga hakin ya yi yawa, yana tangaɗi, miyau na zuba mai kauri, to zafi ya kama shi. Kai shi inuwa, ka jiƙa masa ciki da ƙafafu, ka ba shi ruwa a hankali. Duk mai fita farauta ya ɗauki ruwan mutum biyu, nasa da na karensa.

Gudu da horo

Allah ya halicci wannan dabba don gudu. In ka ɗaure shi dare da rana, zai yi ta haushi, ya tona ƙasa, ya ciji igiya, daga baya ya fara cizon mutane. Ko da damina ce, fita da shi bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya, na tsawon awa ɗaya. Riƙe shi da igiya har ku wuce gidaje da gonaki. In kun dawo, duba tafin ƙafarsa ka cire ƙaya da tsidau, ka tsince ƙarangiya daga jikinsa.

Horo tun yana ƙarami ake farawa. Abu na farko shi ne ya san sunansa, ya zo in an kira shi. Kira shi, in ya zo ka ba shi ɗan guntun nama, ka shafa kansa. Kada ka taɓa kiransa don ka doke shi. In ka yi haka, gobe ba zai zo ba. Daga nan ka koya masa sakin abin da ke bakinsa in ka ce ya saki. Karen da bai iya waɗannan biyu ba bai isa shiga daji ba, komai gudunsa. In ya kusa shekara, sai ka haɗa shi da babban da ya ƙware. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma na banan ma a wurin na bara yake koyon hanya.

Zama da maƙwabta

Kare ba ya bambanta zomon daji da kazar maƙwabci sai an koya masa. Tun yana kwikwiyo ka riƙa zaunar da shi kusa da kaji da awaki, kana riƙe da igiya. Da ya zabura ka tsawata masa. Kada a bar ƙaramin yaro da babban kare su kaɗai. A hana yara jifansa, da ja masa wutsiya, da taɓa shi yana cin abinci. Ka tuna da almajirai masu shiga zaure da dare.

In ɓarna ta auku, kada ka jira a kai ka gaban mai unguwa. Je da ƙafarka ka yi sallama, ka ce, "Baba, karena ne ya kama akuyarku. Ku yi haƙuri, ku faɗi abin da zan biya." Sau da yawa amsar ita ce, "Ba komai, ɗana, tunda ka zo da kanka. Sai dai a ƙara kula." Ko an yafe maka, ka gyara dangarka a ranar.

Ciwon haukan kare

Wannan shi ne mafi girman abin da ke cikin darasin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suka samo shi. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Karen farauta ya fi na gida shiga haɗari, domin yana gamuwa da dila da sauran namun daji da karnukan wasu garuruwa.

Rigakafinsa sananne ne. Tun 1885 wani masani a Faransa, Luwi Fasto, ya fara yi wa mutum allurar. A ƙasarmu, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin ta karnuka. Ana yi wa kwikwiyo in ya kai wata uku, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Je asibitin dabbobi ko sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku, ka kuma karɓi katin shaida. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon a duniya, kuma ta faɗo gab da lokacin farauta. Ka mai da ita ranar duba katinka.

Ga alamunsa a jikin kare: halinsa ya sauya, yana cizon duk abin da ya gani, miyau na dalala, muryarsa ta canza, ko haɓarsa ta saki. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Ƙona gashin karen a shafa a ciwon ba ya maganin komai. A yi allurai duka yadda likita ya tsara, kada a tsaya a ta farko. Shi kuma karen a tsare shi kwana goma ana lura da shi, a sanar da likitan dabbobi.

Sauran cututtukan suna da sauƙi in an kula. Maganin tsutsar ciki duk wata uku. Kaska da ƙuma a nemi maganinsu wurin likitan dabbobi. Kada a yi wa kare wanka da maganin feshin gona, kada a shafa masa baƙin mai don ƙazuwa, kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Duk suna iya kashe shi. Kwikwiyon da ya kama amai da gudawa mai jini, a gaggauta kai shi. Wannan ciwon ma yana da rigakafi tun yana mako shida zuwa takwas.

Aikin gida

Samo takarda ka rubuta sunan karenka, da launinsa, da watan da aka haife shi. A ƙasa ka ja layi biyu, ɗaya na ranar allurar hauka, ɗaya na ranar maganin tsutsa. Sannan ka lissafa wannan: in ka ba kare maganin tsutsa ranar 5 ga Janairu, a waɗanne watanni ne za ka sake ba shi kafin shekara ta ƙare? Wanda ba shi da kare ya yi wa maƙwabcinsa, ya zo da takardar aji mako mai zuwa.