Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sa Alama da Ɗaure Ƙarfe Kafin Huda

A shagunan walda na karkara, daga Kura da Wudil har zuwa Gumel da Haɗeja, inda ake ƙera garmar shanu da amalanke da gindin injin niƙa, yawancin ramukan da suka kauce tun kafin a kunna injin huda suke kaucewa. Idan noti ya ƙi shiga sai a ɗora wa injin laifi, alhali awon ne ya lalace, ko kuma ƙarfen ya motsa.

Babban kuskure shi ne sa alama da alli kaɗai. Layin alli yakan kai faɗin milimita 2 ko 3, don haka wanda zai huda wa noti mai milimita 10 ramin milimita 11 ya riga ya cinye duk sararin da yake da shi a cikin kaurin layin. Gyaran shi ne a shafa alli ko tawadar maka a fuskar ƙarfen, sannan a ja siririn layi da tsinin ƙarfe mai kaifi, ana dafe da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa mai siffar L. Tsohon bakin zarto da aka wasa ya isa wannan aiki. Kafin nan a goge gefen da aka yanka da magagari, domin ɗan tsinin da yanka ke bari yana ɗaga sukwaya har layin ya karkace.

Akwai kuma masu auna rami na biyu daga na farko, na uku daga na biyu. Kuskuren rabin milimita a kowane awo yana taruwa, kafin a kai rami na shida an yi asarar kusan milimita 3. Gefe ɗaya miƙaƙƙe ake zaɓa, a ɗauki dukkan awo daga gare shi. Idan ƙarfe biyu ne za su haɗu da noti, a ganina babu abin da ya fi a matse su tare a huda su lokaci guda.

Wasu ba sa buga fanci sam, wato ɗan ƙarfe mai tsini da ake bugawa da guduma don ya bar ɗan gurbi inda za a huda, wasu kuma da bugu ɗaya mai ƙarfi suke gamawa. Bakin huda ba allura ba ne, tsakiyarsa tana da ɗan faɗi, shi ya sa yake yawo a kan ƙarfe mai santsi. A fara da bugu mai sauƙi a daidai mahaɗar layukan, a duba. In ya kauce, a kwantar da fancin a koro alamar zuwa wurinta, sannan a miƙe shi a zurfafa. Ramin da ya wuce milimita 10 kuwa, a fara buɗe masa hanya da ƙaramin baki na milimita 4 ko 5.

Riƙe ƙarfe da hannu shi ne kuskuren da ke kai yaran shago asibiti. Lokacin da bakin ya kusa ɓullewa ta ƙasa yakan cafke ƙarfen, kuma falle mai kaifi sai ya riƙa juyawa kamar farfela. A sa shi a bais, wato abin matse ƙarfe mai baki biyu, shi ma bais ɗin a ɗaure shi da teburin injin, domin bais da ba a ɗaure ba tare da ƙarfen yake juyawa. Dogon ƙarfe a jingina shi da sandar injin ta hagun mai aiki, saboda ta can zai doka in ya kuɓuce. A rage dannawa daf da ɓullewa, a naɗe hannun riga, a cire safar hannu, kada kuma a bar makullin kan injin a jikinsa.

Ko ɗaurin ma yana da tsari. A share ɓarɓashin ƙarfe daga tebur da bakin bais, a sa katako a ƙarƙashi don kada a huda teburin, a sauko da bakin huda cikin alamar fanci injin yana kashe, sai a ɗaure, a sake saukowa a duba, domin matsewa kanta tana jan ƙarfe gefe. Bututu kuwa ba ya zama a shimfiɗaɗɗen tebur. A yi masa mazauni da guntun ƙarfen angul da aka walda a kan farantin ƙarfe, bakinsa yana kallon sama, a kwantar da bututun a ciki, a matse shi ta sama kafin a kunna.