Yadda likitan tiyata mai neman ƙwarewa zai nemi tallafin tafiya aikin jin ƙai

A 2015 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata mai aminci a lokacin da suke buƙata. Likitan da ke koyon fiɗa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya san fuskokinsu: dattijon da ya shekara goma yana fama da ƙaba ko gwaiwa, da matar da doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari. Akwai masu biyan kuɗin tafiya don a kai wa irin waɗannan aiki. Ga yadda ake nema.

Fara da wurin da za ka, kafin maganar kuɗi. Nemi babban asibitin wata ƙaramar hukuma, ko cibiyar da ta daɗe tana aiki, kamar Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ƙungiyar likitocin agaji ta duniya MSF kuma take tallafa masa tun 2014 wajen gyaran fuskar yaran da ciwon iska, wanda likitoci ke kira noma, ya ci. Ka zauna da shugaban wurin, ka tambaye shi abin da ya fi damun su, sannan ka karɓi takardar gayyata mai sa hannu da hatimi. Takardar neman da ba ta da wannan, da wuya a karanta ta har ƙarshe.

Na biyu, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan komai: babban likitan da zai tsaya a kanka. Kai ɗalibi ne har yanzu. Talakan ƙauye ba abin gwajin hannu ba ne, kuma aikin da ba za a bar ka ka yi kai kaɗai a asibitin koyarwa ba, bai halatta ka yi shi a Tangaza ko Wurno don babu mai gani ba. Ka rubuta sunan malamin da zai bi ka, da irin fiɗar da za ku yi, da wadda za ku tura birni. Ka faɗi wanda zai ba da maganin barci, da inda za a samo jini idan ta ɓaci. Sannan ka amsa tambayar da masu tantancewa suka fi kula da ita: bayan kun tafi, wa zai wanke ciwo, wa zai cire zare, wa za a kira in zazzaɓi ya taso a kwana na biyar? Ka sa ranar komawa duba marasa lafiya cikin jadawalin tun yanzu.

Daga nan sai izini. Takardar shugaban sashe, amincewar hukumar asibiti, da lasisin aikinka na bana. Ka tabbatar kwanakin ba su ci karo da jarrabawar kwalejin ƙwarewa ba. In za ka tsallaka iyaka, ko Nijar ce ta Illela, sai da izinin aikin likita na ƙasar, da fasfo, da katin rigakafin shawara.

Yanzu ne za ka nemi mai bayarwa. Duba sanarwar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, da ƙungiyoyin fanninka, da irin su Smile Train masu ɗaukar nauyin gyaran tsagaggen leɓe. Karanta sharuɗɗa da kyau, domin wasu tallafin na 'yan wata ƙasa ne kawai, wasu kuma sai ka kashe kuɗinka a biya ka daga baya.

Kasafin kuɗi ya zama na gaskiya: mota, masauki, abinci, man janareta, zare, safar hannu, da magungunan bayan aiki. Kada ka cusa alawus da wani suna. Ka kuma bayyana shirinka na tsaro. Hanyoyin gabashin jihar Sakkwato, wajen Isa da Sabon Birni, sun sha fama da 'yan bindiga, don haka a yi shawara da hukuma da hakimin yankin, a guji tafiyar dare, a kuma yi la'akari da damina.

Da ka dawo, haɗa rasidai ka rubuta rahoto cikin wa'adin da aka ba ka: mutum nawa aka yi wa aiki, nawa suka warke, nawa suka samu matsala da yadda aka yi da su. Hoton majinyaci kuwa, musamman mace ko yaro, kada ya shiga rahoto ko Facebook sai da yardarsa ko ta waliyyinsa a rubuce.