Yadda za ka ɗauki hayar manhajar kasuwanci ta intanet ba tare da ta ɗaure ka ba

Mai sayar da sari a Garwa ko Marwa da ke da shago biyu da mangaza ɗaya ba ya bukatar sayen babbar kwamfuta ya ajiye a ofis, ya ɗauki wanda zai kula da ita. Akwai kamfanonin da ke ajiye manhajar a kwamfutocinsu, kai kuma ka shiga ta intanet ka biya haya wata-wata ko shekara-shekara. Odoo da Zoho da Sage suna cikinsu. Dolibarr da ERPNext kyauta ne, amma sai ka biya wanda zai girka maka su ya riƙa kula da su. Ga yawancin 'yan kasuwarmu hayar ta fi sauƙi, muddin an gwada abu uku kafin a biya: aiki ba intanet, lissafin OHADA (ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci ɗaya), da hanyar fita da bayananka.

Fara da intanet da wuta. Wutar arewacin Kamaru ta dogara sosai da madatsar Lagdo, in ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta. A watan Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke, ƙasashe da dama har da Kamaru suka ji a jikinsu. Saboda haka lokacin gwaji ka cire intanet da gangan, ka sa yaron shago ya yi ciniki goma, sannan ka mayar ka ga ko goman sun hau. Sashen ciniki na Odoo yana ci gaba da aiki in intanet ya ɗauke, da sharaɗin an riga an buɗe shi, amma cinikin yana zaune ne a cikin na'urar har sai layi ya dawo. Wanda ya goge bayanan burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kafin nan zai iya rasa shi. Ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban, Orange da MTN a Kamaru, Airtel da Moov a Cadi, da batir ko sola da zai riƙe kwamfuta da na'urar rasit.

Lissafi shi ne inda aka fi yin asara. Kamaru da Cadi suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, kuma tun 1 ga Janairu 2018 ake aiki da SYSCOHADA da aka sabunta, wato tsarin lissafi da lambobin asusu na ƙasashen OHADA. Manhajar da aka tsara don Amurka ko Najeriya ba lallai ta zo da waɗannan lambobin asusu ba. Ka kira kwantabul ɗinka ya zauna gaban allo ya duba da idonsa: 411 na abokan ciniki, 401 na masu kawo maka kaya, 571 na kuɗin hannu, 521 na banki, 701 na sayar da haja. Kuɗin waya, wato Orange Money da ire-irensa, gidansu 552 ne. Mutane da yawa suna zuba su cikin 571, da yamma a ƙirga kuɗin aljihun tebur a ga bai kai abin da ke allo ba, a fara zargin yaro alhali bai ci ko dala ba.

Sai TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, in kana cikin masu karɓarsa: 19.25 cikin ɗari a Kamaru. Ka faɗa wa manhajar ko farashin da ka shigar ya haɗa da haraji. Kayan sefa 100,000 da haraji ya zama 119,250. In za a dawo baya, raba 119,250 ake yi da 1.1925. Wanda ya cire 19.25 cikin ɗari daga jimlar zai samu 96,294, kuma wannan kuskuren zai bi kowace faktir. Ka duba cewa lambarka ta NIU, wato lambar mai biyan haraji a Kamaru, tana fita a kan faktir, kuma an saita sefa ba tare da ɗigon ɓarin kuɗi ba. A shigar da farashi da faran, kada a shigar da dala ko riyal yadda ake kira a kasuwa, don kowanne faran biyar ne. In kana saro kaya daga Mubi ko Yola, nemi manhajar da ke karɓar naira ka riƙa sa canjin ranar da ka saya, in ba haka ba ribar da za ta nuna maka ta ƙarya ce.

Kuɗin haya yawanci a kan kowane mai shiga ake yanka shi. A misali, yuro 20 a wata, mutum biyar, shekara guda yuro 1,200 ke nan. Yuro ɗaya faran 655.957 ne ba ya motsi, jimla kusan sefa 787,000. Wanda ake biya da dalar Amurka yana hawa yana sauka. Kuɗin girkawa da koyar da ma'aikata daban ne, wani lokaci ma ya fi hayar. Tambayi bankinka ko katinka zai biya waje, ko ka bi ta wakili na cikin gida da zai karɓi sefa ya ba ka faktir.

Kada ka rage kuɗi ta hanyar raba wa kowa kalmar sirri ɗaya. Mai karɓar kuɗi ya sayar, amma kada ya iya sauya farashi ko soke faktir. Mai mangaza ya shigar da kaya ya fitar. Wanda ya bar aiki a rufe ƙofarsa ranar.

Kafin a fara, a rufe shago a ƙirga kaya da hannu. Kowace haja suna ɗaya da lamba ɗaya, don in an rubuta shinkafa iri ɗaya da suna uku, kaya uku manhajar za ta gani. A fayyace awo: katan nawa, ƙwaya nawa a katan, buhu kilo 25 ne ko 50. Bashin da kake bi da wanda ake bin ka a shigar da su mutum-mutum. A fara ranar ɗaya ga wata, a riƙe tsohon littafi tare da manhajar har wata guda ana kwatantawa.

Maganar fita kuwa a rubuta ta cikin yarjejeniya. Dokar OHADA ta wajabta ajiye takardun lissafi shekara goma, hayarka kuma tana iya yankewa kafin nan. A rubuta cewa bayanan naka ne, da kwana nawa za a ba ka ka kwashe su in ka daina biya, da sau nawa ake ajiye kwafi. Babban asusun shiga ya kasance da sunanka da imel ɗinka, ba na wakilin da ya girka maka ba. Kowane ƙarshen wata ka sauke jerin kaya da basussuka da faktir cikin Excel, ka buɗe fayil ɗin ka tabbatar yana karantuwa, ka ajiye kwafi a wani wuri wajen shago.